Daga Bagama zuwa cikin ƙwayar halitta: Doguwar tafiyar maganin cututtukan gado da ake ɗauka sikila ce

Tun kafin rana ta fito, titin da ya tashi daga Suleja ya nufi Madalla da Zuba yakan cika da motocin haya. Da yawa daga cikin fasinjojin ma'aikatan gwamnatin tarayya ne: masinjoji, direbobi, akawu, mataimakan manyan jami'ai, waɗanda tsadar haya a Abuja ta sa suka kama gida a unguwanni irin su Bagama. Garin da suke kwana shi ne asalin Abuja, wanda ya bai wa babban birnin sunansa bayan shawarar 1976, ya koma amsa sunan Suleja. A aljihun mafi yawansu akwai katin inshorar lafiya, wanda ya ƙunshi ma'aikaci da abokin zamansa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Katin yakan yi rana idan zazzaɓi ya kama yaro ko haihuwa ta zo da gardama. Amma akwai wasu cututtukan gado da ko sunansu ba a cika ji a ɗakin ganin likita ba, balle a kai ga batun wanda zai biya kuɗin maganinsu.

A ƙaddara cewa a gidan ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata akwai yaro ɗan shekara biyar. Cikinsa ya yi tulu, saifarsa ta kumbura, jininsa kullum a ƙasa, yana yawan haɓo, kuma wani dare yakan kwana yana kukan ciwon ƙashi. Duk wanda ya gan shi zai ce sikila ce. An yi gwajin jinsin jini, sakamako ya nuna AA. An koma maganin zazzaɓin cizon sauro, an sha an ƙara, saifa ba ta sauka ba. An yi ƙarin jini. Kaka ta kawo shawarar a kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga a gefen ciki, maƙwabta kuma sun fara raɗe-raɗin jifa ko iska. Likitan da ya fara da zargin sikila da maleriya bai yi kuskure ba, domin su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Sai dai idan an kawar da su duka, akwai sunan da ya kamata ya zo a ran mai dubawa: cutar Gaucher, wadda ake furtawa "Goshe". Tana da magani tun 1991, kuma labarin yadda aka koya wa maganin hanyar shiga cikin ƙwayar halitta yana daga cikin manyan nasarorin ilimin likitanci na ƙarnin da ya wuce.

Ɗakin narka shara

Jikin ɗan Adam gini ne na ƙwayoyin halitta, kuma kowace ƙwaya tana tara shara a kullum: tsoffin sassanta da suka lalace, kitse, sarƙoƙin sukari, da abin da ta haɗiyo daga waje. A cikinta akwai wasu ƙananan jakunkuna masu ruwan tsami da aikinsu shi ne narkar da wannan shara a mayar da ita kayan gini. Masanin ƙasar Beljiyam, Christian de Duve, shi ya gano su a 1955 a Jami'ar Louvain, ya sa musu suna laisozom, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1974.

Ma'aikatan da ke cikin wannan jaka su ne sinadaran da ake kira inzayim. Sun haura iri 50, kuma kowane yana da abin da yake yankawa, ba ya taɓa na wani. Umarnin ƙera kowane inzayim yana rubuce a cikin ƙwayar gado da mutum ya karɓa daga uwa da uba. Idan umarnin ya zo da kuskure, inzayim ɗin ba zai samu ba, ko ya samu amma ya kasa aiki. Daga nan abin da ya kamata ya narkar sai ya riƙa taruwa, jakar ta kumbura, ƙwayar ta kumbura, gaɓar jikin ta biyo baya. Wani abokin aikin de Duve, Henri-Géry Hers, shi ya fara tabbatar da haka a 1963, lokacin da ya nuna cewa cutar Pompe tana faruwa ne saboda rashin inzayim guda ɗaya tak.

Yau an san cututtuka fiye da 50 a wannan dangi. A cutar Gaucher, wadda likitan Faransa Philippe Gaucher ya fara bayyanawa a 1882, wani nau'in kitse ne ke taruwa a saifa da hanta da ɓargo. A cutar Pompe, sukarin da jiki ke ajiyewa ne ke cushe tsoka da zuciya, kuma jaririn da ya zo da nau'inta mai tsanani da wuya ya wuce shekara guda idan babu magani. Cutar Fabry takan fara da zafin tafin hannu da ƙafa kamar ana gasawa, da rashin gumi, kafin daga baya ta kai ga ƙoda da zuciya. Akwai kuma rukunin da ya ƙunshi cututtukan Hurler da Hunter da Morquio, inda yaro ke zuwa duniya lafiya lau, amma a hankali kamannin fuskarsa su yi kauri, gaɓɓai su sage, tsawo ya tsaya, numfashi ya yi nauyi.

Kowace ɗaya a cikinsu ba ta da yawa. Amma wani bincike da aka wallafa a 1999 daga Ostareliya ya nuna cewa idan aka haɗa su duka, suna shafar kusan jariri 1 a cikin 7,700. Idan aka ɗora wannan ma'auni, don kwatance kawai, a kan jarirai miliyan 7 da 'yan kai da ake haifa a Najeriya duk shekara, lissafin zai ba da kimanin yara 900 a shekara.

Rigar aro

Abin da ya fi ɓoye waɗannan cututtuka a ƙasar Hausa da maƙwabtanta shi ne kamar da suke yi da cututtukan da aka saba da su. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a shekara, kuma ciwon ƙashi da ƙarancin jini su ne tambarinta. Kumburin saifa kuwa tsohon abokin tafiyar maleriya ne; tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi suna a duniya wajen nazarin wata irin ƙatuwar saifa da maimaituwar zazzaɓin cizon sauro ke haddasawa. Lanƙwashewar ƙafa da gwamewar gwiwa, waɗanda ake gani a cutar Morquio, sun yi kama da laushin ƙashi na yara, wanda binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya danganta da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci. Saboda haka yaron da ke ɗauke da cutar gado ta laisozom yakan shafe shekaru sanye da rigar wata cuta.

Akwai kuma tsohon zaton cewa ciwon Turawa ne. Asalin wannan zato shi ne cutar Gaucher ta fi yawa a tsakanin Yahudawa 'yan asalin gabashin Turai, inda take shafar kusan mutum 1 a cikin 850, kuma a can aka fi nazarinta. Amma an same ta a kowace nahiya, har da baƙaƙen fata na Afirka. Inda ba a gwaji, ba a samun adadi, kuma inda babu adadi, mai tsara kasafi ba ya ganin buƙata.

Yawancin waɗannan cututtuka ana gadonsu ne kamar yadda ake gadon sikila. Uwa da uba kowanne yana ɗauke da ƙwayar gado guda mai kuskure, lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 cewa jaririn zai haɗa biyun. Cututtukan Hunter da Fabry sun bambanta, domin ta ɓangaren uwa suke bi zuwa ga 'ya'ya maza, shi ya sa tarihin kawunnan yaro na wajen uwa ke da amfani ga likita.

Hatimin shiga

Da aka gane cewa rashin inzayim ne tushen ciwon, magani ya zama kamar a bayyane yake: a samo inzayim ɗin a zuba a jiki. Roscoe Brady na Cibiyoyin Nazarin Lafiya na Amurka, wanda ya gano inzayim ɗin da masu cutar Gaucher suka rasa a 1965, ya kawo wannan shawara tun 1966. Wahalar ita ce inzayim ƙaton furotin ne. Idan aka haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar nama. Idan aka zuba shi a jini, ba zai iya ratsa bangon ƙwayar halitta don kansa ba. Kuma ko ya shiga, dole ne ya isa cikin jakar laisozom, inda tsamin wurin ne kaɗai ke ba shi damar aiki.

Haske na farko ya fito ne a 1968 daga ɗakin gwajin Elizabeth Neufeld. An haɗa ƙwayoyin fatar mai cutar Hurler da na mai cutar Hunter a faranti guda, sai aka ga dukansu sun warke. Kowace tana fitar da ɗan inzayim ɗin da ɗayar ta rasa, ɗayar kuma tana kama shi daga waje ta shigar da shi ciki. Wannan ya nuna cewa ƙwayar halitta tana da ƙofa, kuma ƙofar tana gane wanda za ta buɗe wa.

A 1977 William Sly da abokan aikinsa a birnin St. Louis suka gano abin da ƙofar ke dubawa. Wani ɗan ƙaramin sukari ne mai ɗauke da fosfet, da ake kira manos-6-fosfet, wanda ƙwayar halitta ke maƙala wa mafi yawan inzayim ɗin da aka ƙera domin laisozom. Duk wanda ya yi aiki a rajistar ma'aikata zai gane tsarin: fayil ɗin da ba a buga masa hatimi ba ba ya isa teburin da aka nufa, komai muhimmancin abin da ke ciki. A bangon ƙwayar akwai masu karɓa da ke jiran wannan hatimi. Da zarar sun kama inzayim, bangon sai ya loɓa ciki ya zama 'yar jaka, jakar ta nutsa, tsami ya ƙaru a cikinta, mai karɓa ya saki kayansa ya koma bakin ƙofa, inzayim kuma ya wuce laisozom ya fara aiki. Abin farin cikin shi ne ba sai an cika ma'aunin mai lafiya ba. Ɗan kaso kaɗan na aikin inzayim yakan isa ya rage tarin.

Cutar Gaucher ta zo da nata sharaɗin. Ƙwayoyin da kitsen ke cushewa su ne manyan masu haɗiye-haɗiye na garkuwar jiki da ke zaune a saifa da hanta da ɓargo. Lokacin da Brady ya fara zuba inzayim ɗin ga marasa lafiya a farkon shekarun 1970, mafi yawansa ya tafi wasu ƙwayoyin hanta da ba su buƙatarsa. Sai da aka shafe shekaru kafin a gane cewa idan aka datse ƙarshen sarƙoƙin sukarin da ke jikinsa har sukarin manos ya fito fili, masu haɗiye-haɗiyen za su cafke shi da kansu. Sanin wurin bugu shi ne ƙira, in ji masu iya magana. A 1991 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Ceredase na kamfanin Genzyme. Saifa ta riƙa sauka, jini ya riƙa hawa, yaran da girmansu ya tsaya suka ci gaba da girma.

Abin da aka fara tace maganin daga gare shi zai ba mai karatu mamaki: mabiyiya ce, wadda a gidajenmu ake wankewa a binne a bayan ɗaki. Ana buƙatar dubbanta kafin a samu abin da zai ishi majinyaci guda a shekara. A 1994 aka maye gurbinsa da Cerezyme, wanda ake nomawa a manyan tankuna ta hanyar ƙwayoyin halittar wata 'yar dabba dangin ɓera da aka dasa wa umarnin ɗan Adam. Masu bincike a Rotterdam ta ƙasar Holan sun gwada inzayim ɗin Pompe da aka tato daga nonon zomaye, kuma a 2012 aka amince da wani maganin Gaucher da ake samarwa a cikin ƙwayoyin halittar karas. Tsakanin 2003 da 2006 kaɗai, Amurka ta amince da irin wannan magani ga cututtukan Fabry da Hurler da Hunter da Pompe, sai na Morquio a 2014.

Inda saƙon ke maƙalewa

Maganin ba ya warkar da cutar, domin kuskuren ƙwayar gado yana nan. Inzayim ɗin da aka zuba yakan ƙare cikin kwanaki, don haka ana maimaita shi ta hanyar ƙarin ruwa a jijiya, duk mako ko duk mako biyu, na tsawon sa'o'i, har ƙarshen rayuwa. Kuma ba kowace gaɓa yake isa daidai ba. Hanta da saifa suna kwashe kaso mafi tsoka saboda jini na wanke su sosai. Ƙashi da guringuntsi da bawulolin zuciya da baƙin ido kuwa kaɗan suke samu. Tsoka ma tana da rowar ƙofofi: mai cutar Pompe yana karɓar miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyinsa, alhali maganin Fabrazyme na cutar Fabry miligiram 1 ne a kan kilo. Wannan ne ya sa aka ƙera sabon maganin Pompe da aka ƙara wa yawan hatimin manos-6-fosfet, aka amince da shi a 2021.

Matsala ta biyu ita ce garkuwar jiki. Jaririn da jikinsa bai taɓa ƙera ko ɗigon inzayim ɗin ba yakan ɗauki maganin a matsayin baƙon da ya kamata a yaƙa, ya ƙera masa makaman da za su kashe amfaninsa. Likitoci kan riga shi da magungunan kwantar da garkuwa a farkon jiyya.

Babbar katanga ita ce ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jininta a liƙe suke gam, ba sa barin manyan furotin su wuce, kariyar da ke tsare mutum daga guba da ƙwayoyin cuta amma take tare magani. Yaro mai nau'in Hunter mai tsanani zai iya samun sauƙin hanta da numfashi, amma fahimtarsa ta ci gaba da ja da baya. Cututtuka irin su Tay-Sachs da Krabbe, waɗanda ɓarnarsu a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take, ƙarin ruwan inzayim bai yi musu amfani ba.

Hanyoyi uku ake bi don ƙetare wannan katanga. Ta farko ita ce a zagaye ta: a 2017 aka amince da Brineura, maganin wani nau'in cutar Batten, wanda ake zubawa kai-tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa ta wata 'yar na'ura da ake dasawa ƙarƙashin fatar kai. Ta biyu ita ce a yi wa mai gadi dabara. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar sinadarin ƙarfe, kuma tana da ƙofa ta musamman da take shigo da shi. Kamfanin JCR na Japan ya ɗaure inzayim ɗin Hunter a jikin wani furotin da ke kama wannan ƙofa, sai ya shige tare da shi, kuma Japan ta amince da maganin a 2021. Ta uku ita ce a kafa masana'antar a cikin jiki. Tun 1981 aka ba da rahoton dashen ɓargo ga yaro mai cutar Hurler a Landan, inda ƙwayoyin mai bayarwa ke zama a jiki, har cikin ƙwaƙwalwa, suna raba wa maƙwabtansu inzayim kamar yadda aka gani a farantin Neufeld. Sabon salon shi ne a ɗebi ƙwayoyin ɓargon yaron da kansa, a gyara musu umarni, a mayar. Tarayyar Turai ta amince da irin wannan magani a 2020 ga wata cuta mai cin rufin jijiyoyi, kuma da ya isa Amurka a 2024 an sa masa farashin dala miliyan 4.25.

Ana kuma gwajin naɗe inzayim a cikin ƙananan ƙwallayen kitse, ko aika umarnin ƙera shi maimakon shi kansa, irin fasahar da aka yi amfani da ita a wasu alluran rigakafin korona. A 2022 likitoci daga Kanada da Amurka suka ba da rahoton jinyar wata jaririya mai cutar Pompe tun tana ciki, ta jijiyar cibiya, bayan iyayenta sun rasa 'ya'ya biyu da wannan ciwo. An haife ta da lafiyayyar zuciya. Darasin da ya fito daga duk wannan guda ne: abin da tarin ya riga ya lalata da wuya ya dawo, saboda haka ranar da aka gano cutar tana da nauyi daidai da maganin kansa.

Lissafin da ke gaban ma'aikaci

Waɗannan magunguna suna cikin mafiya tsada a duniya. Ana auna su da nauyin majinyaci, don haka kuɗin na ƙaruwa yayin da yaro ke girma, kuma na babban mutum yakan haura dala 200,000 a shekara. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, wannan naira miliyan 300 ke nan. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 yana ba da naira 840,000 a shekara. Ma'aikacin da ke wannan mataki zai yi aikin fiye da shekara 350 kafin ya biya maganin shekara ɗaya. Ko da a ce inshora ta ɗauki nauyin, kashi 10 cikin 100 da ma'aikaci ya saba biya a kan magani zai kama naira miliyan 30.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni. Amma an gina tsarin ne a kan cututtukan da suka fi addabar jama'a, kuma babu mai tsara manufa da zai yi watsi da tambayar cewa kuɗin majinyaci guda zai iya sayen gidan sauro da maganin maleriya na dubban yara. Tambaya ce ta gaskiya, kuma wasu ƙasashe ma sun fuskance ta. Indiya ta fitar da manufar ƙasa kan cututtukan da ba su da yawa a 2021, ta ware cibiyoyi na musamman, daga baya ta ɗaga tallafin majinyaci zuwa rupi miliyan 5. Brazil ta ƙulla yarjejeniyar karɓar fasahar maganin Gaucher na karas ta hannun cibiyarta ta Fiocruz. Koriya ta Kudu tana ƙera nata na Hunter da Gaucher. Masar kuwa ta fara jinyar yaranta masu Gaucher tun 1999 ta hanyar shirin jinƙai da kamfanin Genzyme ya ƙulla da ƙungiyar Project HOPE. Irin waɗannan shirye-shirye suna da sharaɗi ɗaya da ba a ɗagawa: sai an kawo tabbataccen sakamakon gwaji, da likitan da zai ɗauki nauyin bibiya.

Bayan kuɗi akwai hanya. Dole ne a ajiye maganin a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har gadon majinyaci, a samu ma'aikaciyar jinya da ta san yadda ake tarar borin jini, kuma kada jigila ta yanke. Ko a ƙasashe masu arziki hakan ya taɓa faruwa: a 2009 wata ƙwayar cuta ta gurɓata tankunan masana'antar Genzyme da ke Allston a Amurka, masu Gaucher da Fabry a faɗin duniya suka shiga rabon magani na tsawon lokaci.

Abin da hannu zai iya kaiwa

Mataki mafi araha shi ne gwaji. A farkon shekarun 2000 masanin ƙasar Ajantina, Néstor Chamoles, ya nuna cewa ana iya auna aikin waɗannan inzayim daga ɗigon jinin da aka busar a kan takarda ta musamman. Takardar ba ta buƙatar firji a hanya, ana iya saka ta a ambulan a aika ɗakin gwaji mai nisa. Taiwan ta fara gwada jarirai don cutar Pompe da wannan hanya tun 2005. Irin takardar ce ake amfani da ita a wasu shirye-shiryen gwajin sikila ga jarirai, fannin da Jami'ar Abuja ke da cibiya ta musamman a kansa. Mazaunin Bagama yana da Babban Asibitin Suleja a kusa, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da Asibitin Ƙasa da ke cikin birni, inda ake samun ƙwararrun likitocin yara da na jini. Iyayen da yaronsu ke da kumburin saifa da ya ƙi sauka bayan an kawar da sikila da maleriya, ko jariri mai laushin jiki da ƙatuwar zuciya, ko yaron da ya fara rasa abin da ya riga ya iya na magana da tafiya, suna da haƙƙin neman takardar turawa zuwa irin waɗannan wurare. Yana da kyau su tafi da duk tsoffin sakamako, su kuma faɗa wa likita ko an taɓa rasa yaro da irin wannan ciwo a dangi, da ko akwai zumunci tsakanin uwa da uba.

Batun auren zumunci yana buƙatar a faɗe shi da adalci. Mafi yawan 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau. Abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar cewa ma'aurata biyu sun gaji ɓoyayyen kuskure guda daga kaka ɗaya. Gwajin jinsin jini da ake yi kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, sikila kawai yake ganowa a cikin cututtukan gado, ba ya ganin waɗannan. Amma idan an tabbatar da cutar ga yaro guda, za a iya gwada 'yan'uwansa da wuri, a kuma ba dangi shawara kafin a ƙulla wani auren. Sanin sunan ciwon yana kuma ɗauke wa uwa zargin da sau da yawa ita kaɗai ake ɗora wa, yana tsayar da asarar kuɗi wurin masu magani barkatai, yana kuma hana a cire saifar da magani zai iya saukar da ita. Ko inda babu inzayim, gashin ƙashi da kula da numfashi da ji da zuciya suna ƙara wa yaro shekaru masu sauƙi. Dashen ɓargo ma ba baƙo ba ne a ƙasar, domin an yi na farko ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Saura kuma aikin masu riƙe da alƙalami. A watan Disamban 2021 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan masu fama da cututtukan da ba su da yawa, kuma a watan Mayun 2025 Majalisar Lafiya ta Duniya ta bi sahu da nata. Ƙuduri ba ya zama magani sai an mayar da shi takardar aiki: rajistar majinyata ta ƙasa, ɗakin gwaji ko da guda ɗaya da zai karɓi takardun jini daga jihohi, hanyar gaggawa ta shigo da maganin jinƙai ta hukumar NAFDAC da kwastan ba tare da ya lalace a tashar jirgi ba, da layi a cikin asusun masu rauni. Dukkan waɗannan a kan tebura ake rubuta su, a Sakatariyar Tarayya da ofisoshin da ke kewaye da ita, kuma fayil ɗinsu zai bi ta hannun wasu daga cikin mutanen da ke tsaye da asuba a bakin titin Suleja suna jiran mota.